Na Taɓa Kekenka, Abba

Daura, ranar Laraba da hantsi.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka sauka Jos lafiya kai da kayanka, ka kuma samu masauki na kirki. Allah Ya tsare ka a tafiya da zama, Ya raba ka da sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya sa ka gama bautar ƙasar nan ka dawo mana da ƙafafunka. Mu nan kowa lafiya lau, sai dai ni da na kasa zama wuri ɗaya tun jiya.

Ba labarin gida zan ba ka ba, wannan mahaifiyarka ta fi ni iyawa. Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki biro. Kada ka hau keken nan naka sai ka karanta takardar nan har ƙarshe. Na ji kana gaya wa abokinka Sagir cewa ranar Asabar mutanen can masu hawan keke za su fita da kai cikin duwatsu. To keken da ka ɗora a kan mota jiya da safe ba yadda ka saita shi yake ba. Na taɓa shi.

Ga yadda aka yi. Ranar Litinin da la'asar, da ka tafi yi wa gwaggonninka sallama, na tarar da shi a jingine a zaure. Na dafa kansa na danna, sai na ji ƙafafun gaba sun lotsa kamar tsohuwar katifa. Na danna sirdi, shok ɗin baya, mai tare jijjiga, shi ma haka. Shekara talatin da wani abu ina gyaran keke da mashin a garin nan, ban taɓa barin abin hawa ya fita daga hannuna da laushi irin wannan ba. Na ce a raina, yaron nan ƙasar duwatsu za shi, da waɗannan ƙafafun zai tare dutse? Na buɗe jakarka na zaro ɗan ƙaramin famfon nan mai agogon auna iska, na ɗura wa gaba iska, na ɗura wa baya, har sai da na danna da duk ƙarfina na ji abin ya ƙi motsi. Na murɗa jan maɓallin da ke ƙasan ƙafar dama ban ƙirga ba. Tayoyin ma ban ƙyale su ba, na cika su tam da famfon shago. Ina cikin haka na ji sallamarka a ƙofa, na cusa famfon a aljihun rigata, na gyara murya kamar ba ni ba. Ka tafi, famfon yana aljihuna.

Za ka ce me ya hana in faɗa maka a waya. Na kira ka jiya bayan magariba don in faɗa, ka ɗauka, sai na ji kaina ina tambayarka ya hanya, ya sanyin garin, ka ci abinci, na kashe. Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare ka. Tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban taɓa zaunar da kai mun yi doguwar magana ido da ido ba, balle in buɗe baki in ce na yi maka ɓarna. Sai na sa mahaifiyarka ta sake kiranka ta ce kada ka hau keke sai saƙona ya iso. Ta ce ka ce "to". Na san wannan "to" ɗin, a wajena ka gaje ta, shi ya sa hankalina bai kwanta ba.

Da Sagir bai zo ba, da har yanzu ina nan ina yabon kaina. Jiya da la'asar ya biyo ta shago don a yi masa facin taya, Baffanka Iliya yana zaune a benci kamar kullum, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo. Ni da bakina na fara ba su labari, ina cika baki cewa na gyara wa Abba kekensa ya zama ƙarfe sosai, ba irin saitin yaran zamani ba. Na ga fuskar Sagir ta canja. Yaron yana da ladabi, bai ce na yi kuskure ba, sai ya tambaye ni inda allurar agogon ta tsaya. Na ce ni ban duba agogo ba, hannuna ne agogona. Sai ya yi mini bayani a hankali kamar mai karanta wa tsoho takardar asibiti. Ya ce wannan laushin da na raina, wata biyu kuka yi kuna nemansa a burtalin shanu da duwatsun hanyar Mashi. Ya ce idan ka gangaro dutse da keken a yadda na bar shi, taya ba za ta kama ƙasa ba, tsalle za ta riƙa yi, kuma baya zai iya harba ka ta saman kan keken.

Da ya ce "harba", Baffanka ya ɗago kai ya dube ni. A nan ne zan fara gaya maka abin da ya kamata ka sani tuntuni.

Kun taso kun ga Baffanku yana ɗingishi, an ce muku faɗuwa ya yi a mashin saboda gudu. Ni na fara faɗar haka, kowa ya ɗauka. A lokacin yana saro gero da wake a kasuwar Babban Mutum, yana ɗora buhu uku a bayan mashin. Ya zo ya ce mini baya yana zaunewa har ƙarfe yana gugar taya. Na ɗaure sifirin ɗin shok ɗin baya zuwa matakin ƙarshe, bai ishe ni ba, na yanko guntun bututun ƙarfe na cusa don kada ya lotsa ko kaɗan. Da kaya a kai, mashin ɗin ya miƙe tsaf. Sunana ya zagaya, masu dakon kaya daga ƙauyukan bakin iyaka suka riƙa layi a ƙofar shagona, ni kuwa kaina ya kumbura. Abin da ban yi tunani ba shi ne, mai dawowa da buhu uku ai da safe ba ya tafiya da ko ɗaya. Wata safiya yana tafiya shi kaɗai, ya faɗa wani ɗan kwazazzabo da ruwan sama ya yanka a hanya, bayan mashin ya yi sama da shi kamar jakin da aka tsikara. Ƙashin ƙugunsa ya karye, ya yi wata huɗu a kwance a hannun mai ɗori.

Shekara ashirin da shida bai taɓa ƙaryata ni ba. Sai jiya, bayan Sagir ya tafi, ya jawo sandarsa zai tashi, ya ce, "Yaya, ni fa ran nan ba gudu nake yi ba."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Na rasa inda zan sa idona. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji tsoro, don abin da na yi wa ƙanena shi na sake yi wa ɗana da hannun nan guda.

Saboda haka ga nasiha ta farko, ko da yake na san ka riga ni saninta, amma ka bar ni in faɗa ko na samu sauƙi. Tauri ba shi ne ƙarfi ba. Mu a nan da dakon buhu muka koyi aiki, duk abin da ya lotsa a wajenmu lalatacce ne. Kekenka ba gero zai ɗauka ba, kai zai ɗauka, kai kuwa ko da duwatsu a aljihu ba ka kai buhu ɗaya ba. Ka saita shi da nauyinka na ranar hawa. Ka sa takalminka da hular kwanonka, ka goya jakarka da ruwan da za ka sha a ciki, wani ya riƙe maka kan keken, ka hau ka tsaya yadda kake tsayawa idan za ka gangara. Sagir ya ce gaba ya kamata ya nutse kamar kashi ɗaya cikin biyar na tsawon tafiyarsa, baya kuma ya kusa kashi ɗaya cikin uku. Ka rage iskar da famfon da na aiko maka, kaɗan kaɗan, kana duba agogo. Kada ka ce za ka danna bawul da tsinke kamar yadda muke sace taya, iskar ciki ba ta da yawa, gaba ɗaya za ta fice ta bar ka a ƙasa. Tayoyin ma ka rage musu, na cika su kamar zan tura su kasuwa da itace.

Kuskurena na biyu ya fito ne daga na farko. Bayan faɗuwar Baffanka, ko da yake ban amsa laifi a baki ba, na san aikina ne. Sai na koma tsoron duk abin da ke dawowa da sauri. Na zazzage man da ke cikin ƙafafun gaban mashin ɗina, na ɗura masa man inji mai kauri, na danna na ga yana tasowa a hankali kamar mai jin barci, na ce yauwa, wannan ba zai harbi kowa ba. Ranar Juma'a na ɗauki mahaifiyarka zan kai ta ganin gida, tana riƙe da ƙwaryar fura a cinya. Muka hau burji mai gargada, irin wadda motoci suka yi wa ƙananan kunyoyi a jere. Kafin ƙafafun su taso daga bugu ɗaya, wani ya iso, kafin su taso wani ya sake isowa, har suka dunƙule a ƙasa suka ƙi dawowa. Kan mashin ya riƙa girgiza ni har haƙorana suna haɗuwa, hannuwana suka mutu. Muna shiga yashi tayar gaba ta zame, muka kwanta a gonar gyaɗar wani bawan Allah, ni da ita da furar. Ba wanda ya ji ciwo. Ta tashi ta kakkaɓe zanenta ta ce ita ƙafa za ta taka, kuma ta taka, ina biye da ita ina tura mashin har ƙofar gidansu. Har gobe idan na cika baki a gida sai ta tambaye ni ko za a dama fura.

Wannan shi ne aikin jan maɓallin da na murɗa maka, shi ke hukunta saurin dawowar ƙafa bayan ta lotsa. Idan ta dawo da sauri fiye da kima, ka ga abin da ya samu Baffanka. Idan ta yi nawa, ka ji abin da ya samu fura. Ni ban san ɓangaren da na murɗa shi ba, ina jin har ƙarshe na kai shi. Sagir ya ce ka fara gyara iska tukuna, don yawan iska da kansa yana ƙara saurin dawowa. Bayan nan ka murɗa maɓallin ya rufe gaba ɗaya, ka riƙa buɗewa kana ƙirga ƙas ɗin da yake yi har ka kai lambar da ka saba tsayawa. In ka manta lambar, ka tsaya a tsakiya, ka danna kan keken da ƙarfi ka saki. Ya taso da hanzari amma kada taya ta bar ƙasa. Na bayan ma ka duba nasa. Akwai kuma shuɗin da ke sama, wanda ke kulle ƙafar idan za a hau kwalta. Ina zaton ban taɓa shi ba, amma ka tabbatar a buɗe yake kafin ka gangara, don yanzu ni kaina ban yarda da hannuna ba.

Na uku shi ne wanda ya fi daɗewa tare da ni, kuma jiya na gane kuskure ne. Ban taɓa gwada aikina a hanyar da mai shi zai bi ba. A cikin shago nake dannawa da hannu, in buga sirdi, in ce ya yi, tafi. Idan mutum ya dawo yana ƙorafi, sai in ɗaure wannan, in sauya mai, in ƙara iska, duk a zama ɗaya. In ya gyaru ban san wanne ya gyara ba, in ya lalace in ce hanya ce. Kai kuwa ina ganinka kana fita da ɗan littafi a aljihu, ka bi gangare ɗaya sau goma, ka tsaya ka murɗa abu ɗaya ka rubuta, ka sake komawa. Ina zaune a shago ina yi maka dariya da abokaina, ina cewa ga ɗan boko yana yi wa keke jarrabawa. Har na taɓa cewa keken da kuɗinsa ya kai na mashin ai sai mai shi ya riƙa yi masa fifita. Mutane suka yi dariya, kai kuma ka wuce abinka. Ashe kai ne kake aikin yadda ya kamata.

To ka ci gaba da yin haka, kada zancen tsoho ya sa ka bari. Abu ɗaya a lokaci ɗaya, a hanya ɗaya, ka rubuta. Kuma duwatsun can ba irin namu ba ne, an ce wasu gangaren sai mutum ya riƙe numfashi. Ko ka mayar da komai kan lambobin littafinka, ka nemi ɗan gajeren wuri kusa da masauki ranar Juma'a ka gwada shi sau da yawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka bari sai ranar Asabar mutane suna jiranka, ka ji kunyar tsayar da su ka ce bari kawai in hau haka nan. Kunya ce ta sa na ɓoye famfo a aljihu, ka ga inda ta kai mu. In abin bai zauna maka ba zuwa Asabar, ka ce musu sai wani satin, dutsen ba inda za shi.

Kuma kada ka bar kowa ya taɓa maka shi ba ka tsaye a wurin. Ko wanda ya fi ka shekaru, ko wanda ya ce tun kafin a haife ka yake riƙe da sifana. Irinmu mun fi haɗari, don mu ba ma tambaya. Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne a wurare da yawa, amma wannan karon babba bai hango komai ba, garin gyaran gira ya kusa tsone ido.

Saura abu ɗaya, na bar shi a ƙarshe don ya fi ba ni haushin kaina. Da Sagir ya gama bayani, sai ya ce in kwantar da hankalina, ai mayar da saitin ba wuya tunda zoben yana nan. Na ce wane zobe. Ya ce ɗan siririn zoben roba da ke zagaye da ƙafar gaba, wanda ke hawa sama idan ƙafar ta lotsa ya tsaya a nan, da shi ake auna nutsewar, da shi kuma mutum ke ganin iya inda hanya ta kai ƙafar bayan ya sauka. Abba, na ga zoben nan ranar Litinin. Na ɗauka robar da ke tare mai ce ta fito daga mazauninta, na ce bari in cire kafin ta jawo ƙura ciki. Na sa reza na yanke shi, na jefar a kwata. Na bayan ban lura da shi ba, shi ya sa ya tsira. Sagir ya ɗauki tayarsa ya yi mini sai anjima.

Tun sassafe nake neman abin da zai maye shi. Na shiga ɗakin ajiya na sauko da tsohon kekena, wanda na riƙa ɗora ka a kariyarsa ina kai ka makarantar allo. Na zaro robar cikin tayarsa, na yanka siririn zare, na yanka wani, sai a na bakwai na samu wanda ya fito daidai ba karkata. Na wanke shi da ruwa don kada yashi ya karce maka ƙarfen. Yana nan a naɗe cikin takardar nan. Na kira Sagir a waya, ya ce zai yi aiki idan aka ɗaura shi ba a matse sosai ba, ya kama amma ya riƙa zamewa. Na san a can za ka iya samun wanda ya fi shi kyau, amma ka fara da wannan.

Famfon yana cikin ledar da na haɗo da takardar. Zan kai tasha da kaina yanzu in ba direban Kano hannu da hannu, shi kuma ya ba na Jos, na rubuta lambar wayarka a jiki. An ce gobe da yamma zai iso, in ya yi jinkiri jibi da safe. Na ƙirga kwanakin ya fi sau goma, kullum suna kaiwa kafin Asabar, amma da na zauna sai in sake ƙirgawa. Idan ya iso ka kira mahaifiyarka ka gaya mata, ina kusa zan ji.

Ba zan ɓoye maka ba, son raina ne da ba ka hawa duwatsun nan gaba ɗaya. Amma ban hana ka ba lokacin da nake ganin na fi ka sani, ba yanzu zan fara ba. Ka yafe mini. Na je gidan Baffanka bayan sallar asuba na faɗa masa wannan kalmar da bakina, shi ma shekara ashirin da shida yana jira, ya ce ya daɗe da yafewa. Kai ban iya faɗa maka a baki ba, ga shi na rubuta.

Ka riƙe sallarka a kan lokaci, ka yi bismillah kafin ka ɗora ƙafa a feda, kada ka cire hular kwano ko da zafi ya dame ka. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka, Baffanka ya ce a gaya maka ka bi a hankali. Allah Ya kiyaye gabanka da bayanka, Ya riƙe tayarka a inda ƙasa ke da santsi, Ya hau da kai lafiya Ya sauko da kai lafiya, Ya yi maka albarka.

Roƙona ɗaya. Ranar da za ka dawo gida, kada ka mayar da robar nan ƙasa bayan hawanka na ƙarshe. Ka bar ta a inda duwatsun suka tura ta, ka shigo da keken zaure, ka nuna mini yadda ake karantawa. Zan sa hannuwana a baya.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka.